KITSEN ƘARƘASHIN HAƁA: KO YA KAMATA MAI BI YA KAI WUYANSA GABAN WUƘAR LIKITA?

Batun da muka kawo muku a wannan mako wataƙila zai ba waɗansu dariya da farko, domin ba irin maganar da aka saba ji a bakin maza ba ce, balle a filin ikkilisiya. Amma muna roƙo a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, gama akwai rai a cikin maganar, akwai kuma kuɗin makarantar yara.

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada a nan Hayin Banki, wani dattijo daga cikin Zumuntar Maza ya ja mu gefe. Ɗan kasuwa ne da ya haura shekara 50, yana kuma cikin 'yan'uwan da suka koma ƙetaren kogi da zama bayan rikicin shekarar 2000, amma har yau bai daina tsallakowa ya yi sujada a tsohuwar majami'arsa ba. Ya ciro wayarsa ya nuna mana hotunan bikin 'yarsa da aka yi kwanan baya.

"Malam, dubi nan," in ji shi. "Kowa ya fito tsaf ban da ni. Haɓata ta zama bene hawa biyu. Abokan wasa sun sa ni gaba, har jikokina suna kama wurin suna ja."

Muka yi dariya muka ce, "Baba, ai alamar hutu ce." Shi kuwa bai yi dariya ba. Sai ya buɗe mana wata talla da aka turo masa ta WhatsApp, ta wani wuri da ke alkawarin narkar da kitsen haɓa da allura, ko a zuƙe shi a cikin awa ɗaya mutum ya koma gida ran nan. Ya ce yana jiran kwasar adashinsa ne ya tafi. Tambayarsa guda ce: "Malam, zunubi ne ko ba zunubi ba ne?"

Ba mu ba shi amsa nan take ba, domin abin da aka koya mana shi ne Maganar Allah, ba aikin likita ba. Muka roƙi mako biyu, muka zauna da ma'aikatan lafiya na cikin ikkilisiya, muka kuma bincika Littafi Mai Tsarki. Da muka soma tambaya sai muka tarar ba shi kaɗai ba ne, akwai matasa da magidanta da dama da abin ke damunsu a ɓoye, tun da hoto ya zama abin ɗauka kullum a Facebook da TikTok. Da izininsa muke kawo muku abin da muka samo.

MENE NE KE KAWO SHI?

A ƙarƙashin fatar wuya akwai wata siririyar tsoka shimfiɗaɗɗiya kamar mayafi, wadda ta taso daga saman ƙirji ta kai muƙamuƙi. Kitse yakan taru a samanta, wani lokaci kuma a ƙarƙashinta. Idan mutum ya yi ƙiba, kitsen nan yakan ƙaru. Idan shekaru suka ja, fata da tsokar sukan saki su sauko, ko da mutum siriri ne. Akwai kuma gado, wato za ka ga gida guda daga kaka har jika duk haka wuyansu yake. Waɗansu kuwa ƙashin haɓarsu ne ƙarami ko ya koma baya, saboda haka ɗan kitse kaɗan sai ya nuna da yawa. Ke nan abin da ido ke gani iri ɗaya ne, amma sanadinsa ya bambanta, maganinsa ma haka.

A ƙasar Hausa da kewayenta an daɗe ana ɗaukar kaurin wuya da tumbi a matsayin shaidar wadata. In an ce wuyan wane ya yi kauri, ana nufin ya samu har ya fi ƙarfin a ba shi umarni. Wannan tunani ya sa har yau waɗansu ke shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki. Daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai dekisametason, wanda in aka daɗe ana sha ba da umarnin likita ba yakan kumbura fuska, ya tara kitse a wuya da ƙeya, ya kuma jawo hawan jini da ciwon sukari. Wanda haɓarsa ta cika ta wannan hanya, likita yake bukata ya janye shi daga ƙwayar a hankali, gama dainawa farat ɗaya ma tana da nata haɗari.

BA KOWANE KUMBURI NE KITSE BA

A nan muke so mai karatu ya natsu sosai. Akwai cututtukan da ke fitowa a wannan wuri waɗanda mutum zai ɗauka ƙiba ce, ya yi ta zama da su.

Na farko shi ne maƙoƙo. Iyayenmu sun san shi ƙwarai, musamman a yankunan duwatsu na tsakiyar ƙasar nan, inda ƙasa da ruwa ba su da isasshen sinadarin aidin. Wannan ne ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a cikin gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, cutar kuwa ta ragu, amma ba ta ƙare ba, domin tana da waɗansu sanadai ban da rashin aidin. Ga gwaji mai sauƙi: mutum ya tsaya gaban madubi, ya ɗaga kai kaɗan, ya haɗiyi ruwa. Maƙoƙo yana ƙasa da zakaran wuya, yakan kuma hau sama ya sauko tare da haɗiya. Kitsen haɓa ba ya bin haɗiya haka.

Na biyu shi ne kaluluwa. Ƙulli mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙi ko a gefen wuya wanda ya wuce mako biyu ko uku bai baje ba, yana iya zama tarin fuka da ya kama kaluluwa, yana kuma iya zama ciwon daji, musamman ga mai shan taba ko barasa, ko wanda muryarsa ta dushe ta ƙi washewa. Na uku shi ne kumburin da ke biyo bayan ciwon haƙori na ƙasa. Idan ƙarƙashin haɓa ya kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ya yi tauri da zafi, ga zazzaɓi, haɗiya kuma ta gagara, to, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin kumburin yana iya toshe hanyar numfashi. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho a wurin. Wanzamai suna da sana'arsu da muke girmamawa, amma manyan jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa ta wuya suke bi.

Ko da kuwa an tabbatar kitse ne zalla, yana iya zama manzon wani abu. Likitoci sun lura cewa namijin da kewayen wuyansa ya kai inci 17, wato kamar santimita 43, ya fi shiga haɗarin ɗaukewar numfashi a cikin barci. Alamunsa su ne minshari mai ƙarfi, da yankewar numfashi na ɗan lokaci sannan mutum ya zabura, da gyangyaɗi da rana, ko a kan benci lokacin wa'azi ko a bayan sitiyari a hanyar Zariya. Wannan matsala tana tafiya tare da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Telan da ke ɗinka maka riga ya san awon wuyanka, matarka kuma ta san yadda kake barci. A tambaye su.

HANYOYIN DA LIKITOCI KE BI

Hanya ta farko ita ce zuƙe kitse, wadda likitoci ke kira laifosakshan. Likitoci a Italiya da Faransa ne suka soma ta a shekarun 1970, sa'an nan a 1987 wani likitan fata a Amurka mai suna Jeffrey Klein ya bayyana dabarar cika wurin da ruwa mai maganin kashe zafi kafin a zuƙa, abin da ya rage zubar jini ƙwarai. A haɓa, akan yi 'yar ƙaramar tsaga a ƙarƙashi, wani lokaci da bayan kunnuwa, a zura siririn bututu a tsotse kitsen. Yawanci ba ya wuce awa guda, ba lalle ne a sa mutum barci ba. Bayan haka zai ɗaura wani maɗauri daga haɓa zuwa ka na kwanaki, kumburi kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya baje sarai. Wannan hanya ta fi dacewa da wanda fatarsa ke da sauran ƙarfin komawa. Ga dattijon da fatarsa ta riga ta saki, in an kwashe kitsen sai fatar ta yi reto kamar jakar da aka zazzage.

Hanya ta biyu ita ce tiyatar ɗage wuya, ta masu sakakkiyar fata. Akan yanka ƙarƙashin haɓa da kewayen kunnuwa, a ɗinke tsokar nan da muka ambata ta yi tsauri, a ja fata a yanke rarar. Wannan babban aiki ne na awa biyu ko uku ko fiye. Maza sun fi mata fuskantar taruwar jini a ƙarƙashin fata bayan aikin, domin fatar da gemu ke tsirowa tana da hanyoyin jini da yawa, mai hawan jini kuwa haɗarinsa ya ƙaru. Jinin da ya taru a wuya yana iya danne maƙogwaro, saboda haka dole a kasance kusa da likitan da zai buɗe wurin nan da nan. Har ila yau, da yake an ja fatar baya, waɗansu sukan tarar ƙasumba ta koma tsirowa a bayan kunne, sai sun riƙa aske wurin.

Hanya ta uku ta masu ƙaramar haɓa ce. Akan sa wani abin ciko a kan ƙashin, ko a yanka ƙashin a turo shi gaba a ɗaure da ƙarfe, domin fatar wuya ta miƙe.

Hanya ta huɗu ita ce allura. A watan Afrilu na 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna Kybella domin kitsen ƙarƙashin haɓa. Sinadarin da ke cikinta irin wanda ke cikin ruwan maɗaciya ne, mai narkar da mai a hanji, in an zuba shi cikin kitse sai ya farfasa shi. Kada mai karatu ya ji an ce allura ya ɗauka tsira ɗaya ce. A zama guda ana iya tsira wa mutum har sau 50, ana kuma iya maimaitawa har zama 6, da tazarar aƙalla wata guda tsakaninsu. Wuya yakan kumbura ya yi zafi na kwanaki. A gwajin da aka yi kafin amincewa da ita, kimanin mutum 4 cikin 100 sun sami taɓuwar jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa, bakinsu ya karkace na wani lokaci. Ga maza kuma akwai ƙarin abu guda: gashin gemu yakan zube a inda aka yi allurar. Daɗin daɗawa, a 2023 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi a kan waɗansu allurai na narkar da kitse da ba ta amince da su ba, waɗanda ake sayarwa ta intanet, bayan da aka sami masu gyambo da tabo da ƙulle-ƙulle a inda aka tsira musu.

Hanya ta biyar ita ce daskarar da kitse da na'ura mai sanyi, wadda aka fi sani da suna CoolSculpting. Ba yanka, ba allura, amma abin da take ragewa kaɗan ne. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, maimakon kitsen ya ragu sai ya ƙaru ya yi tauri, an kuma lura abin ya fi samun maza. A 2021 wata shahararriyar mai tallan tufafi 'yar ƙasar Kanada, Linda Evangelista, ta fito fili ta ce haka ya faru da ita, har ta yi shekaru tana ɓuya daga jama'a.

Akwai abu biyu da suka shafi hanyoyin nan duka. Na ɗaya, mu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tasowa ya yi tudu, irin wanda ake gani a kunnen waɗansu mata bayan huji, ko a ƙeyar maza bayan aski. Wanda ya san jikinsa na yin haka, ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi. Na biyu, babu ɗaya daga cikinsu da ke maganin ƙiba. Kitsen da aka cire ba ya dawowa, amma wanda ya rage yana iya kumbura idan ci bai canza ba. Su kuwa man shafawa, da bel ɗin ɗaure haɓa, da taunar cingam da ake tallarsu, ba sa narkar da kitsen wuri guda. Asarar kuɗi ce kawai.

ABIN DA BA MU MANTA BA

Manya daga cikinmu za su tuna da ƙarshen makon nan na watan Oktoba 2005. Ran 22 ga wata jirgin saman Bellview ya faɗi a Jihar Ogun da mutum 117. Washegari, ran 23, sai ga labarin rasuwar uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, a Marbella ta ƙasar Sifen, bayan tiyatar zuƙe kitse, ana saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ba mu kawo wannan domin mu yi wa marigayiya shari'a ba, Allah ya ta'azantar da iyalinta. Nata aikin ma a ciki aka yi, ba a haɓa ba, zuƙar kitsen haɓa kuwa ta fi wancan sauƙi nesa. Amma idan haka ta sami matar shugaban ƙasa a Turai, ina ga talaka a bayan shagon gyaran gashi, a hannun wanda ya koyi allura ta kallon bidiyo? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ME LITTAFI MAI TSARKI YA CE?

Za mu faɗi gaskiya: babu ayar da ta ambaci wannan tiyata, mu kuwa ba mu da ikon ƙirƙiro doka inda Allah bai kafa ba. Waɗansu sukan kawo Littafin Firistoci 19:28, amma in an karanta da kyau, wurin yana magana ne a kan tsattsaga jiki saboda makokin matattu, irin na al'umman da ke kewaye da Isra'ila. Aikin likita kuwa ba abin ƙyama ba ne, gama Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuma ya ambace shi da ƙauna a Kolosiyawa 4:14.

Bugu da ƙari, ilmin gyaran fuska kansa baiwa ce. Ya bunƙasa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da likita Harold Gillies ya shiga gyara fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza, a wani asibiti da aka buɗe a Sidcup ta Ingila a 1917. A nan arewa, tun 1999 akwai asibiti a Sakkwato domin yaran da cutar noma ta cinye wa kunci da leɓe, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke taimakawa tun 2014, ana yi musu aiki kyauta. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Wanda ya ga yaron da aka ɗinke wa tsagaggen leɓe ya soma shan nono, ko wanda wuta ta ƙone aka saki wuyansa da ya manne da ƙirji, ba zai ce wuƙar likitan gyaran jiki ta Shaiɗan ce ba.

Saboda haka ba mu ce wa dattijon nan zunubi ne ba. Amma Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa halalcin abu dabam, amfaninsa dabam, kada kuma mai bi ya yarda wani abu ya mallake shi. A wannan sura ta 6 ta wasiƙarsa ta fari ya tuna musu cewa jikinsu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye su da tsada. Haikali kuwa ana gyara shi, amma mai tsaronsa ba ya jefa shi cikin haɗari saboda ba'ar abokan wasa.

Mu tuna da Sama'ila a gidan Yesse. Da ya ga tsayi da kyan Eliyab ya ɗauka ya sami sarki, sai Ubangiji ya nuna masa cewa ido na mutum a kan siffa yake tsayawa, shi kuwa zuciya yake dubawa. Absalom ba shi da aibi daga tafin ƙafa har ka, kyan nan bai hana shi tayar wa mahaifinsa ba, bai kuma cece shi a kan itacen nan ba. A ɗaya gefen, kada masu tumbi a cikinmu su ɓuya a bayan waɗannan ayoyi. Eli firist, da ya faɗo daga kujerarsa wuyansa ya karye, 1 Sama'ila 4:18 ta ba da dalili biyu: tsufa da nauyin jiki. Karin Magana 23 ta haɗa mai haɗama da mashayi a gargaɗi guda. Mukan yi wa'azi da ƙarfi a kan burkutu da giya, amma mukan yi shiru a kan malmalar tuwo ta uku da tsiren dare da lemon kwalba.

Sai maganar kuɗi. Yesu ya yi misali da mai gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta abin da zai ci masa, a Luka 14:28. Bulus kuma ya yi magana mai zafi a 1 Timoti 5:8 a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba. Muka tambayi dattijon, "Baba, adashin nan da kuke jira, da ma me aka shirya yi da shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin rajistar autansa ne na makaranta. Muka sake tambaya, "Mama ta san da wannan tafiya?" Ya ce a'a. To, abin da magidanci zai yi da jikinsa da kuɗin gidansa a ɓoye wa matarsa, tun daga nan ya kamata ya san da sauran magana.

GA WANDA YA CE LALLE SAI YA YI

Romawa 14 ta hana mu hukunta juna a kan abin da ya shafi lamiri. Idan mutum ya yi addu'a, ya shawarci iyalinsa, kuɗin kuma rara ne ba bashi ba, to, ga abin da muke roƙonsa.

Ya fara da asibiti na sosai, a auna jininsa da sukarinsa, a taɓa wuyan a tabbatar kitse ne. Muna da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda za a iya ganin likita a tura mutum wurin ƙwararren da ya dace. Ƙwararren likitan gyaran jiki shi ne wanda bayan karatun likita ya ƙara shekaru yana koyon tiyata, har ya sami shaidar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Kowane likita a ƙasar nan dole ya kasance da rajista da lasisin shekara daga majalisar likitoci, wato MDCN. Neman ganin takardar nan ba rashin kunya ba ne.

Ya tambaya wa zai kula da numfashinsa lokacin aiki, akwai iskar oksijin, akwai jini in an bukata, wa zai kira in wuyan ya kumbura da tsakar dare. Kowace allura ya ga kwalbarta da lambar NAFDAC da idonsa. Ya faɗi duk maganin da yake sha, har da asfirin da na gargajiya, domin waɗansu suna hana jini daskarewa. Mai shan taba ya daina makonni kafin aiki, gama taba tana hana ciwo warkewa. Wurin da aka ce a biya yau-yau domin rangwame zai ƙare gobe, ko aka ce babu haɗari ko kaɗan, ya ɗauki hularsa ya fita. Araha ba ta ado, kada garin neman gira a rasa ido.

Ga sauranmu kuwa akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo. Mutum ya raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Alal misali, mai kilo 90 da tsawon mita 1.7, in ya raba 90 da 1.7, ya sake raba abin da ya samu da 1.7, zai sami 31. Daga 25 nauyi ya soma yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce da likita zai damu da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da gishirin da bai kai giram 5 ba a yini. Daga Hayin Banki zuwa kasuwar Kawo ba sai an hau keke mai ƙafa uku ba. Masu zuwa Dandalin Murtala da sassafe su ma ba su fi mu ƙafafu ba. In nauyi ya sauka, haɓa takan bi shi, ko da ba duka ba. Wanda kuma abin ya ci gaba da damunsa, ya bar gemu ya rufe wurin. Gemu ba na addini guda ba ne, Haruna babban firist ma yana da nasa, Zabura 133 shaida ce.

YADDA AKA ƘARE DA DATTIJON

Da mako biyun suka cika, muka zauna da shi da uwargidansa a gidansu. Da ta ji zancen, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ita haɓar ba ta taɓa damunta ba a shekara 30 na aurensu, abin da ke hana ta barci shi ne yadda numfashinsa ke ɗaukewa da dare har sai ta girgiza shi. Ya yarda ya je asibiti. Aka tabbatar kitse ne ba maƙoƙo ba, amma aka tarar jininsa ya hau ƙwarai, shi kuwa bai taɓa sani ba. Likita ya gaya masa babu mai hankalin da zai sa masa wuƙa a wuya a wannan hali.

Yanzu yana shan maganin hawan jini, ana kuma bin maganar barcin nasa. Ya rage sukari a shayi, yana sauka daga mota a Kawo ya ƙarasa majami'a da ƙafa. An biya kuɗin auta. Haɓar ta ɗan sauka amma tana nan, jikoki ba su daina ja ba. Da muka tambaye shi ko ya fasa tiyatar, ya ce bai yanke shawara ba tukuna, sai jini ya daidaita ya sake zama da likita da Mama. Mu ma ba mu matsa masa ba.

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Maza a ikkilisiyoyinmu su keɓe rana guda su gayyato nas ko likita daga cikin membobi, a auna jini da nauyi da wuyan kowa, a kuma bar ba'ar da ke sa ɗan'uwa ya tafi neman magani a ɓoye. Mata kuma, in kun ji numfashin maigida yana yankewa da dare, kada ku yi shiru.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon jikin da ya ba mu amana, ya kiyaye mu da iyalanmu, har mu sake saduwa a wannan fili mako mai zuwa. Amin.